Kafin ka je karɓo ɗinki wajen tela

'Yan uwa matasa, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Disamba ta kama, hunturu ya fara fasa leɓe, a guruf ɗin zumunta kuwa ba a wata hira sai ta anko da waye bai biya kuɗin yadi ba da ranar da za a yi karol, wato waƙoƙin Kirsimeti. Ba laifi bane, a ɗinka, a yanka kaza, a dafa shinkafa a miƙa wa maƙwabta kamar yadda iyayenmu suka saba. Amma dan Allah mu ɗan tsaya tukuna.

Lahadi huɗun nan da ke zuwa kafin 25 ga wata, ranar Kirsimeti, ba na sayayya bane kawai, tun da daɗewa ikilisiya ta ware su don shirin zuciya. Wanda ke zuwa Katolika ko Angilikan zai ga limami cikin shunayya, kalar da ake sawa lokacin azumi kafin Ista, kalar tuba kenan. Wasu majami'un namu ba ma kunna kyandir ba ma canza kala, toh amma ai Littafi Mai Tsarki ɗaya muke riƙewa, kuma wanda aka aiko ya share hanya shi ne Yohanna Mai Baftisma, mutumin da ke cin fara da zuma a jeji, wanda bai iya lallashi ba sam.

Ku buɗe Luka sura 3. Da jama'a suka tambaye shi me za mu yi, bai ce su yi kuka ba, bai ce su ɗaga hannu sama ba. Mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya. Masu karɓar haraji su daina ƙari a kan abin da aka yanka musu. Sojoji su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Kun gani ko, duk abu ne da ido ke gani kuma aljihu ke ji a jikinsa. Zakka ma, wani shugaban masu karɓar haraji, a Luka 19 ninki huɗu yace zai mayar wa duk wanda ya cuta.

Toh kai ɗan uwa, dubu goman da ka ranta tun Ista kana ganin kiran mai ita kana kifa waya, ga shi kuma ka biya anko har da sabon takalmi, wace irin tuba ce wannan? Kai da aka ba ajiyar kuɗin zumunta ka taɓa kace zaka cika kafin taro. Ke da kika tura hoton 'yar uwarki guruf guruf aka yi ta dariya har ta daina zuwa sujada. Sa aya a status ba zai goge wannan ba, tura masa kuɗinsa yaji alat, ki je gidansu da ƙafarki.

Sai yafiya, wadda ta fi wuya. Zaka ga mutum biyu a layi ɗaya cikin mawaƙa, murya ta haɗu ras, amma shekara guda ba ko sannu tsakaninsu, an toshe juna a WhatsApp, ranar Jibin Ubangiji kuma, da ake raba gurasa da ruwan inabi, kowa ya miƙa hannu. A Matiyu 5:23-24 Yesu cewa yayi ka bar baikonka, wato abin da ka kawo wa Allah, a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan uwanka tukuna, wato sulhun ya riga baikon.

Akwai raunin da ya wuce rigimar guruf, kar mu yi kamar bamu sani ba. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jihar Filato, akwai gidajen da wannan watan makoki yake tuna musu. Wanda bai binne nasa ba ya rage saurin yi musu wa'azin yafiya. Yafewa ba ta hana neman adalci, kuma wani lokaci iyakar abin da mutum zai iya shi ne ya faɗa wa Allah cewa ba zan rama ba amma zuciyata bata huce ba, ka taimake ni. Wannan ma addu'a ce.

Wani kuma kunya ce ta kore shi daga coci, shaye-shaye ko cikin da aka yi ba aure, yana cewa sai na gyaru zan dawo. Yaushe? Almasihu bai jira duniya ta kimtsa ba kafin ya zo, a komin dabbobi aka kwantar da shi, makiyaya masu kwana a daji su aka fara sanar wa. Allah yana tare da kai a inda kake yanzun nan, kuma 1 Yohanna 1:9 tace in mun furta zunubanmu zai gafarta. Mu da ke ciki kuma mu rage kallon da muke bin su da shi in sun shigo, kallon nan kaɗai ya mayar da mutane da yawa gida.

In kana ganin ba zaka iya tunkarar wanda kuka ɓata kai kaɗai ba, nemi dattijon ikilisiya ko wata mama cikin zumuntar mata wadda bata yawo da zance, ta raka ka. Ku je cikin satin nan, kafin tafiye-tafiye su fara kowa ya wuce ƙauye.