Tallar bincike a LinkedIn da gonar mahaifina

Ranar da mujalla ta buga takardar bincikena ta farko a kan ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai kashe dawa, shugabar ɗakin bincikenmu a nan arewacin Ingila ba ta fara da yi mini barka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, ta tambaye ni dalilin da ya sa har ƙarfe goma ba ta ga na saka komai a kan takardar a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata, ba. Maganar ta sosa mini rai, domin a zatona aiki ya ƙare tun da aka buga shi.

Daga baya na lura da yadda suke yi. Matashin mai bincike a nan yakan ɗauki hotonsa a gaban allon da ya liƙa a zauren taro, ya gutsuttsura sakamakonsa gida biyar ko shida, ya ambaci duk farfesan da ya taɓa gaisawa da shi, sa'annan ya yi ta leƙen wani zobe mai launuka da kamfanin Altmetric ke sakawa a gefen takarda don ƙirga waɗanda suka ambace ta. Tun da Twitter ta koma X a 2023, da yawansu suka kwashe kayansu zuwa Bluesky, amma halin yana nan. Suna da hujjarsu, tunda a tantancewar REF ta 2021, wadda ta auna ingancin binciken jami'o'i, kashi 25 cikin ɗari na makin jami'o'in Birtaniya ya rataya ne a kan tasirin bincike a wajen jami'a, kuma wanda kwantiraginsa na shekara biyu ne dole ya sa a san da shi.

Duk da haka, ni da aka rena da cewa yabon kai jahilci ne, sai da hannuna ya yi rawa kafin in rubuta "na gano". Da na daure na saka a Facebook, mutanen gida suka cika ni da "Allah ya sanya albarka", abokan aikina kuma suka yi ta mamakin cewa babu wanda ya tambayi yadda na gudanar da gwajin. Ni kuwa addu'ar nan ta fi mini zoben nasu.

Mahaifina, wanda ƙuduji ya cinye wa rabin gonar dawa bara, bai san LinkedIn ba, kuma ba ya karanta Turanci. Ƙanena ne ya kunna masa saƙon murya na minti huɗu da na aika ta WhatsApp, inda na yi bayanin sauya shuka da waken suya da kuma tuge ciyawar kafin ta zubar da iri. Ya saurara har sau biyu, sa'annan ya ce a tambaye ni ko zan zo gida kafin damina.