Ramin gawayin Anu Araren da tambayar da ta hana ni sakat

Duk lokacin da aka tashi zancen arzikin ƙasa a Nijar, uraniyom ake fara kira, sai man Agadem, sai zinaren Jado. Da wuya ka ji an ambaci Anu Araren. Alhali wannan ramin gawayin ƙasa da ke gefen Cirozerin, tafiyar kamar kilomita 75 daga Agadas, shi ya goya uraniyom ɗin kansa shekara arba'in da ɗoriya.

Faransawa masu neman uraniyom ne suka ci karo da gawayin a shekarun 1960. Da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, babbar matsala ita ce wuta. Man da injuna ke sha daga tashar jirgin ruwan Kwatano yake tasowa, tafiyar kusan kilomita 2,000, ga shi farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya tun 1973. Shi ya sa a 1975, zamanin Seyni Kunce, aka kafa kamfanin Sonichar, gwamnati na riƙe da kaso mafi tsoka. Aka fara fitar da gawayi a 1980, tashar lantarki ta kama aiki a 1981. Injuna biyu ne, duka ƙarfinsu bai cika megawat 40 ba, aka ja waya ta ratsa hamada zuwa Arlit da Akokan.

Kawuna ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a wannan rami, shi ya fara kai ni bakinsa ina saurayi. Ba irin ramin da ake shiga da fitila a goshi ba ne. Buɗaɗɗen wuri ne, an yanka shi hawa-hawa kamar matakalar bene, motocin da ke can ƙasa sai ka gan su kamar kiyashi. Ya nuna mini wani baƙin layi a jikin bango ya ce, “Ɗana, wancan kaɗai muke nema. Duk abin da ka gani a samansa sai mun kwashe shi tukuna.” A fasa dutse da nakiya, a loda, a hau da shi a zubar, a sake komawa. In an kai ga baƙin, a kai shi inji ya farfasa, bel ya ja shi zuwa tanderu, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Ruwan ma daga rijiyoyin burtsatse masu nisa ake jawo shi da bututu, don wurin ba kogi. Gawayin kuma mai yawan toka ne, shi ya sa tsibinta yake tsaye kamar tsauni. Na tuna kawu ya kwance rawaninsa da yamma ya kaɗe, ƙura ta tashi baƙa ƙirin, ya yi alwala ruwan na zuba kamar an wanke allo.

Ina girmama mutanen nan har cikin raina. Su suka haska Agadas da Arlit da Cirozerin. Amma a faɗi gaskiya, ba don su aka haƙa ramin ba. Kaso mafi yawa na wutar ya riƙa tafiya ne ga ma'adinan uraniyom, uraniyom ya tafi Faransa, inda kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinsu daga nukiliya yake fitowa. Su sun rufe mahaƙar gawayinsu ta ƙarshe tun 2004. Mu muka ci gaba da ƙona namu don a haƙo abin da zai ba su wuta mara hayaƙi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Yanzu zamani ya juya. Mahaƙar uraniyom ta Cominak da ke Akokan ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, ta Somair da ke Arlit kuma gwamnati ta mayar da ita hannunta a 2025. Ke nan dalilin farko na haƙa ramin ya raunana, kuma tambayar da ta hana ni sakat ita ce: daga yau wa ramin zai yi wa aiki?

Kowa ya tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulki. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinmu daga can yake zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Wutar Anu Araren ba ta iya kai musu ɗauki ba, don layinta bai haɗu da na kudu ba, kuma ko ya haɗu ba za ta kai ko'ina ba. A Salkadamna ta jihar Tawa akwai gawayi kwance, an aza harsashin tasha tun 2014 da alkawarin megawat 600, amma ranar da aka shiga duhun nan ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. “Anu” da harshen Buzaye rijiya ke nan. To rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Abin da ya fi damuna ma murhu ne. Galibin gidajenmu da itace ake girki, a ƙasar da hamada ke cin gona kowace shekara. Ku tsaya bakin hanyar shiga Yamai da safe ku ƙirga motoci da raƙuman da ke shigo da itace. Gwaggona a Tawa ta taɓa gwada gawayin ƙasa da aka gasa don girki. Ranar farko ta sha fifita har ta ce, “Ɗan nan, dutse ka kawo mini?” Da ya kama kuwa, ta dafa wake, ta tuƙa tuwo, ta ɗora ruwan wanka, garwashin bai mutu ba. Ta so shi. Da buhun ya ƙare ta koma wa mai itace, don shi kullum yana ƙofar gida, kuma yana sayar da na dala ashirin. Matan nan ba ƙin sabon abu suke yi ba. A kawo shi kusa, a ƙulla shi ƙanana, a samar da murhun da ya dace da shi, a koya musu kunna shi a fili saboda hayaƙinsa.

Na san za a ce mini gawayi na ɓata yanayi, ga rana Allah ya ba mu kyauta. Haka ne, kuma ina son a shimfiɗa farantan lantarki na hasken rana ko'ina. Sai dai uwar gida da ke da baki goma a gabanta yau da dare ba da faranti za ta tuƙa tuwo ba, kuma gawon da aka sare ba ya dawowa cikin shekara ashirin.

Sharaɗina ɗaya ne, ga Anu Araren da Salkadamna duka. Wanda ke shaƙar ƙurar shi ya kamata ya fara ganin amfanin. A riƙa auna ƙirjin ma'aikata da na mazauna kusa a kai a kai, a bayyana sakamakon. A faɗi ruwan da ake ja daga ƙarƙashin ƙasa, don makiyaya ma a nan suke shayar da raƙuma. A ware kuɗin cike rami tun ana cikin samun riba. Mutanen Salkadamna kuma, kafin a sa hannu kan gonakinku, ku tura dattawanku Cirozerin su kwana biyu, su tsaya bakin ramin, su zauna da tsofaffin ma'aikata irin kawuna su yi musu tambayoyi.