Ƙwan wata a cikin wata: maganar da muke yi da raɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Akwai wata magana da mata da yawa daga Garwa, Marwa da Ngawundare suke jiyowa a bakin likita a Yawunde ko Duwala, su dawo da ita gida su kasa faɗa wa kowa, har uwar da ta haife su. Likita ya duba sakamakon gwaji, ya ce: "Hajiya, ƙwanki ya yi rauni, ko an yi dashe da shi da wuya ya kama. Hanyar da ta rage ita ce a yi amfani da ƙwan wata mace." Mace ta sayar da gwal ɗinta, ta kwana a jirgin ƙasa daga Ngawundare, sai ta tarar da tambayar da babu wanda ya taɓa shirya ta a kanta.

Bari in fara da yadda abin yake, don da yawa muna jin sunansa ne kawai. Mace ana haihuwarta da duk ƙwayayen da za ta yi amfani da su a rayuwarta, jikinta ba ya ƙera sababbi. Suna raguwa a hankali, kuma daga shekara 35 ingancinsu yana sauka da sauri, bayan 40 abin ya fi tsanani. Wata kuma nata yakan ƙare tun tana da ƙuruciya, al'ada ta ɗauke mata kafin ta kai 40. Mahaifarta lafiya lau, za ta iya rainon ciki, ƙwan ne babu. A nan ne ake neman wata matashiya, a yi mata allurai na kwana goma ko fiye don ƙwayaye da yawa su nuna lokaci guda, a zuƙo su da allura, a haɗa da maniyyin mijin mai neman haihuwa a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a dasa a mahaifar matar. Ita za ta yi laulayi, ita za ta yi naƙuda, ita za ta shayar. Amma kamanni da jinin halitta na yaron daga mijinta ne da waccan yarinyar.

Abin ba sabo ba ne. An haifi Louise Brown, jaririyar farko ta hanyar dashe, wato IVF, wanda a nan muka fi sani da FIV, a Ingila a 1978. Bayan 'yan shekaru aka samu haihuwar farko da ƙwan wata mace a Ostareliya. A ƙasarmu Kamaru, jaririn farko ta wannan hanyar dashe an haife shi a Duwala a 1998 a hannun Dakta Ernestine Gwet Bell da abokan aikinta, kuma a 2016 aka buɗe CHRACERH, cibiyar taimaka wa masu neman haihuwa, a Yawunde. A 2022 aka yi dokar da ta tsara harkar, ta yarda da bayar da ƙwai ko maniyyi bisa sharaɗin kyauta ne, kuma ba a bayyana wanda ya bayar.

To amma doka daban, abin da Musulma za ta iya kwana da shi a zuciyarta daban. Tun 1980 aka fitar da fatawa a Masar cewa dashe halal ne idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Majalisun fiƙihu na Makka da na ƙasashen Musulmi suka bi wannan layi, suka haramta shigowar mutum na uku, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da aron mahaifa. Har majalisar Makka ta taɓa halatta a dasa cikin mace a mahaifar kishiyarta, bayan shekara guda ta janye, saboda tsoron cakuɗewar nasaba. A Iran ne aka saɓa, inda Ayatullahi Khamenei ya ba da fatawar halasci da sharuɗɗa a 1999. Mu a nan galibinmu Malikawa ne, kuma malamanmu suna kan haramci.

Ni ma nan na tsaya, kuma ba don tsoron bakin mutane ba. Mu mutane ne masu auren zumunci, masu lissafin wa ya sha nonon wa kafin a ɗaura aure. Idan yarinya ɗaya ta ba da ƙwai ga gidaje uku ko huɗu, kuma doka ta ce a ɓoye sunanta, wa zai hana ɗanta na wannan gida ya nemi 'yarta ta wancan gida nan da shekara ashirin? Sannan ga ita mai bayarwar, wadda ba kasafai ake tuna ta ba. Takarda ta ce kyauta ne, amma mun san halin talauci, mun san wace irin yarinya ce za ta yarda a yi ta soka mata allura don wadda ba ta taɓa gani ba. Alluran nan suna iya kumbura ma'ajiyar ƙwanta, ruwa ya taru a cikinta har a kwantar da ita. 'Yar wani ce ita ma. Ita kuma mai karɓa, musamman idan shekaru sun ja, cikin da aka samu da ƙwan wata ya fi zuwa da hawan jini.

Abin da ya sa na ɗauki waya na yi wannan rubutu shi ne abin da ke biyo bayan kalmar "haramun". Muna faɗinta, mu kaɗe riga mu tashi, mu bar matar da gorin da ya kai ta can. Uwar miji tana nan tana ƙirga mata shekaru. Dangin miji suna nan suna kiranta juya, suna cewa tana cika musu masai. A gidan suna ana kallon cikinta kafin a kalli fuskarta. Wanda ya rufe wa mace wannan ƙofa da sunan addini, addinin nan ya ɗora masa nauyin ya kare ta daga wulaƙanci. Allah da kansa ya ce a Suratus Shura yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, yana haɗa wa wani duka biyu, yana kuma barin wanda ya so bakarare. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma har yau daga hannunta muke karɓar ilimi.

Kuma gaskiyar da ta fi yi mini ciwo ita ce, mata da yawa da ake ce wa sai ƙwan wata, da sun isa asibiti da wuri da nasu ya wadatar. An aurar da yarinya tana da 19, shiru. Aka fara jiƙe-jiƙe da turare, aka je wajen wannan aka je wajen wancan, aka ce jinnu ne, aka ce sammu ne, aka ce kishiya ce ta ɗaure mata mahaifa. Shekaru suna tafiya, ƙwai yana raguwa. Ranar da aka yarda a je wajen likitan mata, ta haura 40. Alhali a yankinmu babban abin da ke hana mata haihuwa shi ne toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sanadin ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Mai irin wannan matsala ƙwanta lafiyayye ne. Ita ce ma aka ƙirƙiro dashen dominta, kuma da ƙwanta da maniyyin mijinta za a yi, galibin malamai sun halatta. Ba na raina addu'a, ni ma da ita na dogara. Amma a yi addu'a ana tafiya asibiti. Likitoci sun ce shekara guda ana tare babu ciki, a je a duba. Idan matar ta wuce 35, wata shida ya isa.

Maza, ku ma ga taku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma ba mata kaɗai aka ƙirga ba. A kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a ciki. Gwajin maniyyi ya fi duk gwajin da ake yi wa mace sauƙi da araha, babu allura, babu tiyata. Amma sai mutum ya ƙi, ya ƙara aure, ta biyun ma shiru, ya ƙara ta uku, uwargida kuma tana can ƙuruciyarta tana ƙarewa a kan laifin da ba nata ba. Malam, idan kana ƙaunarta, kai ne za ka fara miƙa kanka.

Wadda kuma ƙwanta ya ƙare da gaske, muna da abin da kakanninmu suka bar mana: riƙo. 'Yar'uwa ta yaye ɗa ta miƙa wa yayarta, ya tashi a ɗakinta yana kiranta Inna, ya san mahaifinsa, ya san danginsa, babu abin ɓoyewa. Ga marayu da rikicin Boko Haram ya bari a jihar Arewa Mai Nisa, suna neman wanda zai shafa kansu. Idan ana tsoron maganar muharramaka, malamai sun yi bayanin yadda shayarwa kafin shekara biyu take warware ta, kuma mai riƙo tana iya yi wa yaron kyauta tun tana raye ko wasiyya cikin sulusin dukiyarta. Na san riƙo ba ya kashe ƙishin mace na ta ji motsi a cikinta, kuma ba zan ce mata ta daina kuka ba. Amma mu daina kallon mai riƙo kamar wadda ta ci jarrabawa da rabin maki.

Waɗanda suka riga suka yi fa? Suna cikinmu, wasu da sani, wasu a cikin ruɗewa da matsin lamba. Yaron da aka haifa ba shi da laifin komai, kuma duk wanda ya san sirrin ya kai shi kasuwa, shi da Allah. Maganar gado da nasabarsa a kai ta wajen malami masani a keɓe, ba a zauren WhatsApp ba. Maƙwabtanmu da addininsu ko fahimtarsu ta yarda da abin, doka ta ba su dama, ba hurumina ba ne in tsare musu hanya.

Ke kuma 'yar'uwa da ke shirin tafiya kudu neman dashe, takardun da za a ba ki ki sa hannu da Faransanci suke ko Turanci, kuma da kalmomin likitoci. Kada ki sa hannu a kan abin da ba a fassara miki ba. Ki tafi da mijinki, ko da wadda kika amince da ita mai karatu. Ki tambayi likita baki da baki: ƙwan wa za a dasa mini, kuma maniyyin wa? Ki tambayi sakamakon gwajin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage miki, wanda suke kira AMH, ki karɓi takardarsa ki riƙe. Ki tambayi nawa ne kuɗin zagaye ɗaya, domin miliyoyin sefa ne kuma ba lallai ya kama a karon farko ba, sannan ki tambayi abin da za a yi da sauran ƙwayayen da aka haɗa idan sun yi saura. Idan aka kawo miki maganar ƙwan wata, ki ce a ba ki lokaci ki koma gida ki yi shawara, domin mahaifa ba ta tsufa da saurin da ƙwai yake tsufa, wata ɗaya ko biyu na tunani ba zai rage miki komai ba.