Ku da kuka zo jiya, ku daina zagin yaran unguwa

'Yan uwana matasa da Allah ya kawo ku Amurka, wasu karatu, wasu cacar biza, wasu bin iyaye, akwai wata magana da nake ji a bakinku wadda ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ana tsaye a bakin masallaci a unguwar Bronx ta New York bayan an idar da Juma'a, sai yaran baƙaƙen fatar ƙasar nan su wuce suna hayaniya, wani ya taɓe baki ya ce, "Waɗannan ai ba sa son karatu. Ga makaranta kyauta, ga abinci kyauta, amma sai shiririta." Sauran su gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa a shekarata ta farko, kuma har yau ina jin nauyin abin a raina.

Baƙo ko da ido makaho ne. Mutanen da kuke cewa ba sa son karatu, sai da aka kafa doka kafin a iya raba su da shi. A 1740 Karolina ta Kudu ta yanke tarar fam 100 ga duk wanda ya koya wa bawa rubutu, kuma bayan boren bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 jihohin kudu suka ƙara ɗaure igiyar. Frederick Douglass, fitaccen mai yaƙi da bauta, yana yaro bawa a Baltimore, uwargijiyarsa ta fara nuna masa baƙaƙe, maigidan ya gano ya hana, don ya san bawan da ya iya karatu ba ya zama. Sai yaron ya riƙa ɗaukar burodi daga gida yana ba 'ya'yan talakawan Turawa a titi, su kuma su biya shi da darasi. Ko a 1957, a tsibirin Johns da ke Karolina ta Kudu, dattawan baƙar fata masu furfura ne ke taruwa da dare a bayan wani kanti suna koyon rubuta sunansu, domin a lokacin sai ka ci jarrabawar karatu ake ba ka damar jefa ƙuri'a. Septima Clark da Esau Jenkins ne suka tsaya a kan ajin, malamar farko kuwa, Bernice Robinson, mai gyaran gashi ce, ba ta da takardar malanta. Gwagwarmayar nan ce ta kai ga dokar 'yancin zaɓe ta 1965, kuma a wannan shekarar, cikin wannan guguwar, aka sauya dokar shige da fice da ta daɗe tana fifita Turawa. Ƙofar da ni da ku muka shigo ta cikinta da jakunkunanmu, kakannin yaran nan ne suka sha kulki wajen tura ta.

Akwai ma ɗan ƙasarmu a cikin labarin. Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, an kama shi yana yaro aka ratsa Sahara da shi, bauta ta kai shi Tarabulus da Istanbul har Rasha. Da ya iso Amurka ya shiga sojan jihohin arewa a yaƙin basasar ƙasar a 1863, da yaƙi ya ƙare kuma ya zauna a jihohin kudu yana koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. Baƙo ne kamar ku, kuma bai tsaya gefe yana taɓe baki ba.

Matsalar tana nan, ban ce babu ba. A jarrabawar ƙasa ta 2022, cikin yaran baƙar fata 'yan aji huɗu na firamare, waɗanda suka kai matakin ƙwarewa a karatu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Amma ku tambayi dalili. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati a nan daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka yankin da gidajensa ba su da daraja makarantarsa ma haka take, kuma shekaru da dama bankuna da gwamnati sun ja jan layi a kan unguwannin baƙar fata suna hana su bashin sayen gida. Malamai suna zuwa suna tafiya. Uwa tana aiki biyu, ta fita yaro yana barci ta dawo yana barci. Sannan makarantu da yawa sun daɗe suna koya wa yara su kalli hoto su cinki kalma, maimakon su haɗa sautin baƙi da wasali. Daga aji huɗu ba a tsayawa koya maka karatu, da shi ake koya maka lissafi da kimiyya da tarihi, wanda bai iya ba sai ya yi ta zama a aji kamar kurma a wurin wa'azi. Da Misisipi, jihar da ke cikin mafi talauci, ta yi doka a 2013 ta koma koyar da sautin baƙaƙe tare da horar da malamai, yaranta, har da baƙaƙen fata, suka tashi daga can ƙasa a jerin jihohi. Yaran ba su canza ba, koyarwar ce ta canza.

Na ga wannan da idona. Wata Asabar a laburaren unguwarmu aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara tara. Da na buɗe littafi sai ya ce zai je banɗaki. Ya dawo, ya ce kansa yana ciwo. Da na lallaba shi ya fara, sai na lura idonsa ba ya kan rubutu, hoton yake kallo ya faɗi abin da yake zato, in ya kuskure ya yi dariya da ƙarfi ya ture littafin, wai shi dama wasa yake. Wannan dariyar ce ku kuke gani daga nesa kuna kiranta rashin kunya, alhali kunyar ce ta yi masa yawa, ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Ya san baƙaƙe sarai, haɗa su ne ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa ba. Sai na tuna yadda aka yi mana a makarantar allo, babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan haɗawa. Haka muka yi ta bi, baƙi uku uku, yatsana a ƙarƙashin kowane ɗaya. Sai da muka yi wata huɗu kafin ya karanta shafi guda ba tare da ya nemi hoto ba. Kakarsa ce ke kawo shi, ranar tana zaune a kujerar baya riƙe da jaka a cinya, ba ta ce komai ba, amma ba ta ɗauke ido daga bakinsa ba har ya kai ƙarshe.

To ga inda nasihata ta fi nauyi. In za ka shiga, ka shiga da niyyar zama. Alkawari kaya ne. Ƙungiyoyi irin su Big Brothers Big Sisters, wadda ta faro a New York tun 1904, suna neman ka ɗauki alkawarin aƙalla shekara guda, kuma suna binciken tarihinka kafin su ba ka yaro. Kada ranka ya ɓaci da binciken, amanar ɗan mutane za a ɗora maka. Shekarar ma da dalilinta: masu nazarin wannan aiki sun gano cewa yaron da aka haɗa da babba, babban ya ɓace bayan 'yan makonni, yakan fi cutuwa a kan wanda ba a haɗa shi da kowa ba. Da yawansu an riga an yi musu alkawari an saɓa, wani ma uba ne ya ce yana zuwa bai zo ba. Idan ka san da watan azumi ya kama ko aiki ya yi yawa za ka daina ɗaga waya, ka bari tun yanzu, ya fi alheri. Kuma don Allah kada ka je da wa'azin yadda kai ka yi karatu da fitilar ƙwai a ƙauye. Yaron bai san ƙauyenku ba, ya san nasa duhun. Kada ka ɗauki hotonsa ka sa a Facebook don a ce maka sannu da ƙoƙari. Ka gaishe da uwarsa da ladabi kamar yadda za ka gaida taka, ka tambaye ta abin da ta lura da shi, don ta riga ka sanin ɗanta.

Wanda ba shi da awa guda a mako ma yana da hanya. Wani tsohon malamin firamare, Alvin Irby, ya fara ajiye littattafan yara a shagunan aski a Harlem, saboda nan ne yaro namiji ke zama yana jiran layi a tsakiyar manyan maza. Mu kuma shagunan aski nawa 'yan uwanmu ke da su a Bronx? Ku 'yan uwa mata masu kitso a titi na 125 a Harlem, yarinya takan zauna gabanku awa huɗu ko biyar, ƙaninta yana gefe yana danna wayar uwarsu. Ƙaramar kanta ce kawai da littattafai goma masu hotunan yara irinsu, kuma katin laburare kyauta ake yinsa. Idan ya ɗauki ɗaya, ki ce masa, "Karanta min da ƙarfi, hannuna ba sarari," in ya tsaya a kan kalma kada ki faɗa masa, ki ce ya fara da baƙin farko.