Ɗa'ifa ba garin leƙawa ba ne: ra'ayin ɗan Jos mazaunin Jidda

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Umara ta tagar bas suka san Ɗa'ifa. A ɗebe su daga Makka bayan Asuba, a tsaya da su a masallaci biyu ko uku, a kai su shagon turaren da direba ya saba da mai shi, a dire su a miƙati su ɗaura harami, kafin La'asar suna ɗawafi. In ka tambayi Alhaji yaya ya ga garin, sai ya ce, "Wallahi akwai sanyi, ga birai." Ni a wurina wannan asara ce, kuma tana yi mini ciwo fiye da yadda take yi wa wasu, domin a Jos aka haife ni, garin da shi ma matafiya suka mayar wurin tsayawa a sayi dankali da kabeji a wuce Bauchi.

Ɗa'ifa tana kan tsaunukan Sarawat, tudunta ya kusa mita 1,900, kuma tsakaninta da Makka bai fi kilomita 90 ba. Lokacin da zafin Makka ke haura digiri 40, can sama mutum zai zauna a waje da dare ba tare da ya nemi na'urar sanyaya ɗaki ba. Shi ya sa tun kafin a san fetur manyan Makka ke hawa can su yi bazara, daga baya gwamnatin Saudiyya ma ta riƙa komawa can da zafi. A nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon. Jos tudunta kusan mita 1,200 ne, ba ta kai Ɗa'ifa ba, amma kada wannan ya ruɗe ka. A watan Yuli ko Agusta rana a Jos ta fi ta Ɗa'ifa laushi nesa ba kusa ba, kuma ruwan da ke sauka a Jos a shekara ya haura milimita 1,200, alhali na Ɗa'ifa da ƙyar yake kai 200. Wato in ana maganar baiwar da Allah Ya yi wa ƙasa, mu aka fi bai wa. Abin da suka fi mu shi ne sanin abin da za a yi da ɗan abin da aka samu, kuma wannan ba ya ganuwa daga cikin bas.

Hanyar hawa daga Makka ma kanta abin kallo ce, in an zaɓi wadda ta bi ta garin Hada maimakon ta Sail. Manyan motoci galibi ta Sail suke bi, wadda ta fi miƙewa kuma ba ta da wani abin a zo a gani. Ta Hada kuwa murɗe-murɗe take yi tana hawa dutsen Kara, kana duban ƙasa kana ganin motocin da ke bayanka sun zama ƙanana. Ɗan Filato zai tuna hawan Hawan Kibo, sai dai nan akwai shinge da fitilu, kuma in hazo ya yi yawa ko ruwa ya sauko akan rufe hanyar gaba ɗaya maimakon a bar mutane da tawakkali. Akwai kuma talafirik, wato ƙananan akwatunan da ke tafiya a kan waya, daga Hada zuwa ƙauyen Kar a gindin dutse, tafiyar sama da kilomita 4. Gwaggon biran da ke bakin hanya kuwa, don Allah a daina ba su abinci. Masu jefa musu ayaba da biskit ne suka koya musu fizgar leda daga hannun mata.

Wanda ya zo don tarihi, kuma shi ne ya kawo mafi yawanmu, ya kamata ya ba wa wurin haƙƙinsa na natsuwa. Nan ne Manzon Allah (SAW) ya zo a shekara ta 10 bayan aiko shi, tare da Zaidu ɗan Harisa, yana neman Banu Saƙif su karɓi kira, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a lambun Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, inda bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. A hadisin Nana A'isha ya ce wannan rana ta fi masa ranar Uhudu tsanani, kuma da mala'ikan duwatsu ya nemi izinin haɗe duwatsu a kan masu cutar da shi, sai ya ƙi, yana fatan Allah Ya fitar da masu bauta Masa daga tsatsonsu. Saƙifawa sun musulunta a shekara ta 9 bayan Hijira, kuma daga cikinsu aka sami Muhammad ɗan Ƙasim, wanda ya kai Musulunci Sindh, a Pakistan ta yau. Ƙananan masallatan da ake nuna wa baƙi a unguwar Masna, irin su na Addas, an gina su ne da daɗewa bayan faruwar abin, kuma ba wata sallah ta musamman da aka shar'anta a cikinsu. Amfanin zuwa shi ne mutum ya ga tsayin dutsen da aka hau da ƙafa, ya auna a ransa. Wannan ba ya samuwa a minti goma, direba na danna hon. A tsakiyar gari kuma ga masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya ƙare rayuwarsa a Ɗa'ifa wajen shekara ta 68 bayan Hijira, kuma tsohuwar kasuwa tana nan dab da shi, sai a haɗa su a yammaci ɗaya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a garin nan furen wardi ne. Ɗan lokaci kaɗan yake yi, daga wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, a gonakin Hada da Shafa, garuruwan kan dutse da ke kewayen Ɗa'ifa. Tun duku-duku ake tsinkarsa, kafin rana ta kwashe ƙamshin, a auna, a zuba a manyan tukwanen jan ƙarfe da ruwa, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta bututu ya huce ya ɗiga cikin kwalba, man ya taso sama, ruwan wardi ya zauna a ƙasa. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a sami tola guda, wato 'yar ƙaramar kwalbar man turare, shi ya sa duk wanda ya miƙo maka "asalin wardin Ɗa'ifa" a farashin turaren kasuwa, ka yi masa godiya ka wuce. Da wannan wardi ake haɗa ruwan wankin Ka'aba, kuma a 2024 UNESCO ta sa al'adun da ke tattare da shi cikin jerin gadon bil'adama. Masu gidajen dafa furen da yawa suna barin baƙo ya shiga ya kalla kyauta, don sun san ba zai fita hannu rabbana ba: ko ruwan wardi na zubawa a shayi, ko sabulu, ko man shafawa.

Nan ne nake tuna gida raina ya ɓaci. Za a ce ai Saudiyya kuɗin mai gare ta. Gaskiya ne, kuɗin mai ne ya yi titi da talafirik. Amma tukunyar jan ƙarfe da iccen wuta ba fetur ya kawo su ba, sana'ar gidaje ce da aka gada kaka da kakanni. Mutumin Ɗa'ifa bai tsaya ga sayar da furensa ɗanye kawai ba. Ya dafa shi, ya ɗura a kwalba, ya liƙa sunan garinsa, sannan ya mayar da dafawar kanta abin kallo. Mu kuma fa? Dankalin Turawan Bokkos da Mangu yana ciyar da rabin Nijeriya, amma a buhu yake fita, ba wanda ya san gonar da ta haife shi. Sitiroberin da ake nomawa wajen Vom a faranti ake tallarsa a bakin titi, abin da bai ƙare ba ya lalace kafin gobe. A Hada akwai gonar sitiroberi da ake biyan kuɗin shiga, yara su ga yadda yake tsirowa, iyaye su sha lemonsa su sayi na tsaraba. Na tsaya a wurin ina lissafin yawan gonakin da ke tsakanin Jos da Barikin Ladi waɗanda suka fi ta girma da kyau.

Haka batun abinci. Kowa a Hijaz ya san saliƙ na Ɗa'ifa ne: shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi lugub, a zuba man shanu, a ɗora gasasshiyar kaza, a ci da yajin tumatir da suke kira duggus. Wanda ya saba da shinkafa warara zai yi mata kallon raini da farko, ya bari sai dare ya yi sanyi ya gwada. Da safe a nemi gurasa mai zafi da zuma da man shanu a tsohuwar kasuwa. A hanyar Shafa kuma masu rumfuna suna jere da rumman da inabi da ɓaure da barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya da ake fere maka shi nan take. Duk da haka ban ci abin da ya kai gwaten acca da aka yi da yakuwa da gauta a safiyar damina a Jos ba. Bambancin kawai, baƙon da ya sauka a Jos sai ya san wani gida kafin ya ci gwate mai kyau, saliƙ kuwa allon gidan abincinsa tun daga titi yake kiranka.

Ba na cewa laifin manomi ne ko na mai dafa gwate. Baƙo ba ya zuwa hutu inda yake tsoron dare, kuma rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun yi wa sunan Jos illar da har yau ba ta gama warkewa ba. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ba ta koma yadda take ba. Amma duwatsun Shere suna nan, ruwan Assop yana zuba, dutsen Riyom bai gusa ba, gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yana riƙe da kawunan Nok. Ɗa'ifa da ƙaramin abu take cika baki: fadar Shubra ta farkon ƙarni na 20, madatsar ruwan Mu'awiya mai rubutun shekara ta 58 bayan Hijira, da filin kasuwar Ukaz inda mawaƙan Jahiliyya ke gasa, wanda aka farfaɗo da bikinsa a 2007. Kowanne an yi masa hanya da allo.

Ɗa'ifa ma tana da nata matsalolin. Da bazara mutanen Makka da Jidda da Riyad suna kwararowa, kuɗin masauki ya tashi, hanyar Shafa ta cushe daren Alhamis da Juma'a. In ba ka da mota ka sha wuya, don wuraren sun yi nisa da juna. Kuma idon da ya saba da koren Filato zai ga duwatsun nan tsirara ne, in ban da 'yan kwaruruka da bishiyoyin ar'ar a can saman Shafa.

Mai bizar Umara yanzu yana da damar zagaya ƙasar, saboda haka ba abin da zai hana shi ware dare guda, zai fi kyau a tsakiyar mako. Mai bizar Hajji ya tambayi jami'an alhazansa tukuna, don tasa tana da iyaka. Sai dai a sani ba a haɗa wardi da rumman a tafiya ɗaya: fure na Afrilu ne, rumman da inabi sai ƙarshen bazara, wajen Agusta zuwa Satumba. Wanda zai zo tsakanin Disamba da Fabrairu ya taho da rigar sanyi ta gaske, musamman in da tsofaffi a tawagar. Mai niyyar sake Umara a hanyar komawa kuma, in ta Sail zai sauka miƙatinsa Ƙarnul Manazil ne, in ta Hada ne sai ya ɗaura harami a Wadi Muharram.