Ko gawa ba ku bari ta huta ba

Wallahi wasunku ba ku da kunya. Na so in kama bakina, amma abin da mai shafin wasannin nan ya yi ya wuce a kau da kai. Kun san shafin, ba sai na kama suna ba, don na ga da yawanku a ƙarƙashi kuna ta zuba ra'ayi. Hoton mota tana ci da wuta, ya manna tambarinsa ƙato a tsakiya kada wani ya sace masa. A sama ya rubuta wai Ronaldo ya ƙi zuwa jana'izar Diogo Jota, ɗan wasan Liverpool da Fotugal da ya rasu a hatsarin mota, wanda ya ga ya kyauta ya danna babban yatsa, wanda ya ga da Messi ne da ya je ya danna zuciya. Zaɓe aka buɗe a kan kabari. Sannu da aiki, babban ɗan jaridar Yamai. Allah ya ƙara mabiya, tunda su ne ƙiblarka.

Ku kuma kuka bi shi. Ƴan Madrid na kare nasu, ƴan Barsa na murna sun samu abin gori, wani ɗan Manchester ya shigo da alamar dariya yana cewa bana Liverpool sai ta nemo wani. Gardamar nan da muke yi kullum a fada tun daga shayin farko har na uku, ita kuka kwaso kuka shimfiɗa a gidan makoki. Ronaldo ya je ko bai je ba, tsakaninsa ne da iyalan mamacin. Ba ku san abin da suka faɗa wa juna ba, ba ku da lambar kowa a cikinsu. Ku da ko ta'aziyyar maƙwabci sai an yi ta tuna muku.

Mutum ne fa ya mutu. Shekararsa 28. Ranar 22 ga Yuni aka ɗaura masa aure da uwar ƴaƴansa uku, ranar 3 ga Yuli 2025 ya rasu, kwana goma sha ɗaya tsakani. Cikin dare ne, a kan babbar hanya a yankin Zamora na ƙasar Sifaniya, ƴan sandan can suka ce alamu sun nuna taya ce ta fashe lokacin da suke wuce wata mota, motar ta bar hanya ta kama da wuta. Kuma ba shi kaɗai ba ne a ciki. Akwai ƙanensa André Silva, ɗan shekara 25, shi ma ɗan ƙwallo ne, yana buga wa Penafiel a rukuni na biyu na Fotugal. Shafuka nawa ne a nan suka rubuta sunansa? "Jota da ƙanensa," shi ke nan, tunda sunan André ba ya jawo laik. Akwai uwa da uba a Gondomar da suka binne ƴaƴa biyu rana ɗaya. Ka tsaya ka auna wannan, ɗan uwa, kafin ka danna zuciya ko yatsa.

Na san me za a ce. "Ai labari ne, aikin jarida ne, dole jama'a su sani." Jama'a sun sani tun safiyar Alhamis ɗin. Wane ƙarin sani ne a cikin hoton wuta? Me mai kallo ya ƙaru da shi in ban da tashin hankali? Bidiyon da ka saka da kiɗan tausayi a baya, ka tabbatar ma motar ce? Ba ka tambaya ba, don kana sauri kada wani shafi ya riga ka. Duk ciwon ke nan: wa ya fara sakawa. Ba wa ya faɗi gaskiya ba, wa ya fara.

Kuma ba yau kuka fara ba. Ku tuna Christian Atsu na Gana. Girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023, kashegari aka cika duniya da cewa an ciro shi da rai daga ɓaraguzai. Mu ma nan aka yi ta Alhamdulillah, kowa ya ɗora a sitatus. Ashe ba haka ba ne. Sai ranar 18 ga wata aka samo gawarsa a ƙarƙashin ginin da yake zaune a Hatay. Ka ɗauka kai ne ɗan uwansa: a ce maka ya tsira, ka yi sujada, sannan a dawo a ce a'a. Sau biyu aka kashe wa mutanen nan zuciya. Cikin shafukanmu da suka yaɗa na farkon, wa ya dawo ya ba da haƙuri? Gogewa suka yi a ɓoye, suka ɗora sabon hoto mai baƙin ƙyalle a kusurwa, aka ci gaba da harka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba haka aka rene mu ba. Mu da in aka yi rasuwa ba a aiken yaro ya kai labari. Dattijo ake nema, mai nutsuwa, ya je ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa har a tambayi gajiya da damina. Sannan ya ce jikin wane fa ya yi tsanani, ya kamata a shirya a je. Mai hankali ya gane, amma an ba shi ɗan lokacin da zai tattara kansa kafin a furta kalmar. In mace ce mai ciki ko tsohuwa mai hawan jini, har sai an tara mata mutane kusa. Gawa kuwa, zane ake ja a rufe ta tun kafin a yi maganar komai. Masu wanka ba su faɗin abin da suka gani. A zaman makoki ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce "ina haƙuri," a ce "haƙuri sai godiya," a shafa fatiha, ka ja gefe ka yi shiru. Ko dariya ta kama ka sai ka haɗiye ta ka fita waje. Wannan tarbiyyar duk muna da ita. To me ya sa da zarar waya ta shiga hannu sai ta zube?

A fadarmu, daren da abin ya faru, wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya miƙo mini waya yana cewa, "Yaya, ka ga wannan? Ka ga inda ya ƙone?" Yana buɗe hoton da yatsu biyu, yana matso da shi kusa da fuskata, idonsa na ƙyalli kamar wanda ya zo da albishir. Yaron nan ba mugu ba ne, shi ke hura mana gawayi, shi ake aike sayen sukari. Na ce masa, "Ƙanena, da babanka ne a motar, za ka so in nuna wa mutane haka?" Ya sauke wayar, ya ce ai shi ma turo masa aka yi. Kowa turo masa aka yi. Ba a taɓa samun wanda ya fara ba.

Sai masu cewa, "To ai Turawan ma suna yi." Suna yi mana, wa ya ce waliyyai ne? Da Maradona ya rasu a Nuwamba 2020, ma'aikatan da aka ba shirya gawarsa sun tsaya kusa da akwatin a buɗe sun ɗauki hoto, har da ɗaga babban yatsa. Korarsu aka yi, ƙasar Ajantina gaba ɗaya ta yi musu tofin Allah tsine. Da Emiliano Sala ya mutu a hatsarin jirgi a Janairu 2019, yana kan hanya daga Nantes zuwa Cardiff, hoton gawarsa ya fita daga ɗakin ajiye gawa. Kotun Ingila ta ɗaure mutum biyu a kan haka, ɗaya wata 14, ɗaya wata 5. In kwaikwayon Turawa kuke so, ga abin kwaikwayo nan. A nan kuwa wanda ya yi irin wannan sai ya wayi gari da ƙarin mabiya, har mai sayar da turare ya kawo masa talla. Faɗuwar wani tashin wani.

Ni abin da ban manta ba shi ne ranar 12 ga Yuni 2021, da Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi a wasan Denmak da Finland a Kopenhagen. Likitoci na danna masa ƙirji, abokan wasansa suka zo suka yi da'ira, suka juya baya, suka kare shi daga kyamara. Wasu na kuka, amma ba su matsa ba. Masu ɗaukar hoto kuwa suka koma neman fuskar uwar ƴaƴansa a bakin fili, har BBC ta fito ta nemi gafarar masu kallo daga baya. Yara ne ƴan ƙwallo, ba malamai ba, amma a cikin daƙiƙa kaɗan sun gane cewa ɗan uwansu na buƙatar sutura. Eriksen ya tashi, Allah ya yi da sauran kwana, na'urar farfaɗo da zuciya na kusa. Marc-Vivien Foé na Kamaru kuwa bai tashi ba. Mu da muka kalli Kamaru da Kolombiya ranar 26 ga Yuni 2003 a Lyon mun ga yadda ya faɗi shi kaɗai a tsakiyar fili a minti na 72, ba wanda ya taɓa shi. Shi ma shekararsa 28. Yau fiye da shekara ashirin, amma duk ranar da ta zagayo sai wani ya tono hoton nan nasa a kwance ido a juye ya saka, wai tunawa. Mutumin da ya buga wa Lens da Lyon da West Ham da Manchester City, ya ci kofin Afirka sau biyu, ba ku da hotonsa yana dariya? Sai wancan?

Akwai kuma wani rukunin, su ba ƙwallo ta kawo su ba. Duk inda aka ce wane ya mutu sai su diro da hukunci: kafiri ne, wuta zai shiga, duk wanda ya ji tausayi ya duba imaninsa. Malam, ban ce ka yi masa addu'ar da addini bai yarda da ita ba. Wannan fagen malamai ne, kuma sun yi bayani. Amma tsakanin addu'a da izgili akwai fili mai faɗi, sunansa shiru. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Kai kuma ka saka alamar dariya a ƙarƙashin hoton marayu uku, kana ganin jihadi ka yi. Mabuɗin wuta da aljanna ba a aljihunka yake ba, ɗan uwa. Mutum ne ya mutu.

Kada wani ya juya mini magana, ban ce kada a yi baƙin ciki ba. Wanda ya shekara biyar yana biyan dala ashirin a gidan kallo yana ganin Jota, tun zuwansa Liverpool daga Wolves a 2020 har ƙwallonsa ta ƙarshe da ya ci Everton a Afrilu 2025, dole ya ji wani abu ya tsinke masa. Na ga wani mai gyaran babur a Bukoki, ɗan Liverpool na gani-kashe-ni, ranar ko rediyo bai kunna ba. Bai rubuta komai a ko'ina ba, aikinsa kawai yake yi, in ka yi masa magana ya ce "bari kawai." Wannan na yarda da shi. Na yarda da Rúben Neves, wanda ya buga wa Al Hilal wasa a Amurka ranar Juma'a, kashegarin hatsarin, yana hawaye, ya hau jirgi, ranar Asabar yana Gondomar ɗauke da akwatin abokinsa a kafaɗa. Na yarda da Liverpool da ta ce ba mai sake saka lamba 20, lambar rigar Jota. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai kuka da ido ɗaya, ɗayan idon na ƙirga laik. Ku irinku ungulu ne, ba ku sauka sai inda abu ya faɗi.

Kuma ku rubuta ku ajiye: ranar da wani namu zai faɗi a filin unguwa, a gasar hutun nan da ake yi cikin rana tsaka ba likita ba motar asibiti, wayoyi ashirin za su kewaye shi kafin mutum ɗaya ya durƙusa ya duba ko yana numfashi. Uwarsa tana gida tana tuƙa tuwo za ta gani a wayar ƴar maƙwabta. Abin da kuke koya wa yara ke nan da kowane turawa. Cikin masu shafukan nan, wa ya taɓa yin rubutu ɗaya a kan yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya? Wa ya taɓa tambayar ko ana auna zuciyar yaran da ke buga mana gasa? Ba mai ɓata megansa a kan wannan, ba ya tafiya.

Ni dai na fita daga shafin, wanda ya ga dama ya zauna. In kun ga ya yi hoton rubutun nan ya saka yana zagina, ku gaishe shi, ku ce ya manna tambarin da kyau.

Af, tunda ma maganar shafukan wasanni ake: ku da kuka san abin da Ronaldo ya ci da safe, ina kuke lokacin da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta lallasa Sudan 4-0 a Nuwamba 2024? A Lome aka buga, wai mu ne masu masauki. Kafin nan mun karɓi Gana a Berkane ta Maroko, ga filin Seyni Kountché nan a tsakiyar gari muna wuce shi kullum a kan babur. Kwana kaɗan bayan Sudan yaran nan suka je har Accra suka doke Gana 2-1. Na tambayi mutum uku a fada su kawo mini sunayen ƴan wasanmu biyar na yanzu, ɗaya ya fara da Maazou, ɗaya ya ce Kassaly. Wato tun kofin Afirka na 2012 da 2013 agogonsu ya tsaya. Wannan ma maganar wata rana ce.