Tuƙin tipar ma'adinai a hutun bazara: kuɗi kam akwai, amma wa zai tsaya maka?

Daga watan Mayu zuwa Agusta, idan jami'o'in Kanada suka tafi dogon hutu, ɗalibai kan yi ta rububin neman aiki a arewacin lardin Alberta, wajejen garin Fort McMurray inda ake haƙo yashin mai. Yashi ne baƙi ƙirin mai danƙo, sai an kwaso an wanke shi da ruwan zafi kafin a tatso mai a cikinsa. Aikin da ake kashe kai a kansa shi ne tuƙa manyan motocin da ke ɗauko yashin daga rami, kuma in an ce tipa kada ka kawo irin tamu ta yashin gini a ranka. Caterpillar 797 tana ɗaukar sama da tan 360 a sahu ɗaya, tayarta kaɗai ta kai mita 4, direba da matakala yake hawa wurin zamansa. Awa 12 ake yi a kan sitiyari, yau rana gobe dare, amma abin da yaro zai tara a wata huɗu yakan rage masa nauyin kuɗin makaranta sosai.

To a nan ne gardamar take, wai ina ya fi, ma'aikatar da ke da ƙungiyar ƙwadago ko wadda babu? A Fort McMurray ba sai an yi nisa ba. Ma'aikatan babbar mahaƙar Suncor suna ƙarƙashin ƙungiyar Unifor, reshe na 707A, ita kuwa maƙwabciyarta Syncrude ta shafe shekaru da dama ma'aikatanta na kanta ba su da ƙungiya.

Masu cewa ƙungiya ba ta da amfani ga ɗan aikin hutu ba shirme suke faɗa ba, gaskiya. A Kanada akwai tsarin da ya samo asali daga hukuncin alƙali Ivan Rand a 1946, bayan yajin aikin ma'aikatan kamfanin motoci na Ford a garin Windsor: duk wanda yarjejeniyar ƙungiya ta shafa sai an yanki kuɗin ƙungiya daga albashinsa, ko ya shiga ko bai shiga ba. Yaro ya zo wata huɗu, ana yankar masa kuɗi, fanshon da ake ta magana ba zai kai ga ganinsa ba, sannan a tsarin ƙungiya wanda ya daɗe shi ke zaɓar abin da yake so, sabon zuwa ya ɗauki ragowa, in kuma aka zo rage ma'aikata shi ne farkon fita. Dole ya ji kamar da guminsa ake gyara wa wasu miya.

Amma ni dai ina ganin lissafin nan gajere ne. Albashi mai tsoka da ake yabon ma'aikatar da ba ƙungiya, daga ina ya fito? Kamfanin da maƙwabcinsa ke zaman ciniki da ƙungiya ba zai yarda albashinsa ya yi ƙasa can ba, don ma'aikatansa za su tsallaka, ko kuma su ma su kira ƙungiyar. Wato yana cin albarkacin cinikin da wasu suka biya kuɗinsa.

Kuma abin da ya fi damuna ma ba albashin ba ne. Ka ɗauka ƙarfe uku na dare, ƙura ta turnuƙe hanya, tudun ƙasar da aka tara a bakin wurin juye kaya ya zaizaye, ga wata fitila ta kunno a gaban direba tana nuna birki ya yi zafi, can ofis kuma kwamfuta na ƙirga minti nawa kowane sahu ya ci. Daga kujerar wannan mota akwai wurare da dama da ba ka gani sam, shi ya sa ake kafa wa ƙananan motoci doguwar sanda mai tuta don kada a bi ta kansu. Dokar Alberta ta ba kowane ma'aikaci damar ƙin aikin da ya ga akwai hatsari, da ƙungiya ko babu. A takarda kenan. Ɗan shekara 20 da ke fatan a sake kiransa baɗi, zai iya ɗaga rediyo ya ce wa oga ba zan matsa ba? Ba sai an kore shi ba ai, shiru kawai za a yi masa shekara mai zuwa. Inda akwai wakilin ƙungiya, aƙalla akwai wanda zai rubuta ƙorafin ya bi sawunsa, kuma shi ba ya tsoron a ƙi kiransa baɗi.

Tarihi ma ya nuna. Ranar 9 ga Mayun 1992 mahaƙar kwal ta Westray a lardin Nova Scotia na Kanada ta yi bindiga, mutum 26 suka mutu, babu ƙungiya a wurin, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ma'aikatan sun san da hatsarin amma ana razana mai magana. A Amurka, mutum 29 ne suka hallaka a mahaƙar kwal ta Upper Big Branch da ke jihar West Virginia a 2010, nan ma babu ƙungiya. Na sani, waɗannan ramukan ƙarƙashin ƙasa ne ba fili irin na Alberta ba, sai dai tsoron buɗe baki iri ɗaya ne.

Kada kuma a ce na mai da ƙungiya maganin komai. A ita Suncor ɗin mai ƙungiya, a Janairun 2022 wata tipa ta daki wata ta baya mutum ya rasu, a watan Yuli aka sake rasa wani har shugaban kamfanin Mark Little ya ajiye aiki. Duka biyun ma'aikatan 'yan kwangila ne. Wannan shi ne ramin da yawancin sabbin shiga ke faɗawa, sunan babban kamfani a bakin ƙofa amma wanda ke biyanka wani ne daban, yarjejeniyar da kake jin labari ba ta san da kai ba. Mutanen Arlit a Nijar sun ga irinsa lokacin da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a 2021, abin da ma'aikatan kamfani suka samu na sallama daban, na 'yan kwangila daban. Saboda haka duk yaronmu da ke karatu a Kanada yana harin aikin nan, ya fara tambayar wane ne ainihin mai ɗaukarsa kafin ya tambayi nawa ne a awa.

Sannan ga motoci marasa direba. A farkon 2018 Suncor ta sanar za ta kawo irin waɗannan ƙirar kamfanin Komatsu sama da 150 cikin shekara shida, ta ce guraben aiki kusan 400 za su tafi. Unifor ta yi ta kumfar baki, bai hana ba. Kamfanin da kansa ya ce ya riga ya shirya wa sauyin, don tun kafin nan yake ɗaukar sabbin direbobi a matsayin na wucin gadi.